Jirgin Kalilu Mai Walda

Duk wanda ya taɓa kai ƙofar ƙarfe gyara a hanyar Mai'adua, daga fita Daura kaɗan, ya san Kalilu mai walda, kuma da wuya ya baro wurin ba a yi masa faɗa ba. Dogo ne, baƙi, mai ido ɗaya, wanda in ka gaishe shi sai ya juyo da kansa gaba ɗaya ya dube ka kamar ka zo da laifi. Aikinsa ba a magana, ƙofar da ya haɗa sai dai gini ya zube ya bar ta a tsaye. Hali kuwa sai wanda ya shirya. Ba ya son dogon ciniki, ba ya son a tsaya masa ta hagu, kuma abin da ya fi tsana a duniya shi ne a kira shi Kyaftin. Shi ne kuwa sunan da rabin gari ke kiransa da shi.

Sunan yana da asali. A Zango aka haife shi, gidan manoman gero da gyaɗa. Tun yana ƙarami, in jirgi ya gifta can sama ya bar farin zare a bayansa, to noman ranar ya ƙare, don zai tsaya da fartanya a hannu har zaren ya watse. Babansa ya zane shi a kan haka ba sau ɗaya ba. Da ya shiga sakandare a Daura aka ga kan nan nasa na lissafi ne. Shekara biyar suna zama benci ɗaya da abokinsa Saminu. Tare suke cin ƙosai, tare suke shan bulala, tare kuma suka zauna jarrabawar da za a ɗauki mutum ɗaya tak daga yankin a tura shi koyon tuƙin jirgin sama. Kalilu ya zo na ɗaya, Saminu na biyu. Takarda ta iso cewa ya shirya nan da wata uku.

Wata ukun nan ne suka cinye shi. Babansa ya ce zaman banza ba ya yi wa saurayi kyau, ya tura shi wurin kawunsa Zailani, mai walda a Daura, ya riƙa kama masa aiki kafin ranar tafiya. Kawu Zailani irin mutanen nan ne da ke walda da tafin hannu a goshi, su kanne ido, su ce sun saba. Kalilu ya roƙe shi ya sayi tabaran aiki, abin da bai kai kuɗin kaza ba. Kawu ya yi dariya har da buga cinya, ya ce shekararsa talatin yana cin wuta da idonsa bai makance ba, boko ne ke sa yara tsoro. Saura kwana tara tafiya, Kalilu yana gurza bakin wata ƙofa da inji, ɓurɓushin ƙarfe ya yi tsalle ya shige idonsa na hagu.

Ko a nan da sauran dama, in da an yi abin da ya kamata. Amma aka mayar da shi Zango, aka shiga gwaje-gwaje. Wannan ta kawo kwalli, waccan ta ce a ɗiga nonon mai jego, wani ya zo ya ce zai lashe ƙarfen da harshe. Kwana goma sha ɗaya ana wasa da idon yaro kamar ba na mutum ba. Ranar da aka kai shi asibitin ido a Kano, likita ya duba ya ce da an zo a rana ta biyu da an ceto shi. Ihu bayan hari. Kujerar karatun jirgin ta koma hannun na biyu, Saminu ya tafi.

'Yan dubiya sun cika gida, kowa da guzurin maganarsa. A yi haƙuri, ƙaddara ce, haka Allah ya so. Kalilu musulmi ne, bai taɓa jayayya da ƙaddara ba, amma har yau yakan ce bai ga littafin da ƙaddara ta hana sayen tabarau ba. Wani dattijo ma cewa ya yi mai ido ɗaya ba ya gode Allah sai ya ga makaho, kuma ya faɗa yana murmushi, a ganinsa ya yi wa'azi. Kowa ya zo, har waɗanda ba sa ga maciji da gidan. Mutum ɗaya ne bai tako ba, shi ne Saminu. Ba sallama, ba saƙo, ba ko 'yar wasiƙa. Wannan ya tsaya wa Kalilu a wuya fiye da ƙarfen.

Da ya warke ba shi da wata sana'a sai wadda ta cuce shi, don haka ya koma mata. Kawu Zailani ya rasu ya bar masa injin. Ya auri Haulatu, mace mai haƙurin da ya isa mutum biyu, suka haifi 'ya'ya biyar. Ya rataye tabaran aiki guda huɗu a ƙusa a bakin shago, ya sa dokar cewa ko kallo ka zo yi sai ka saka. Masu waldar layin, musamman Munzali da ke tsallaken titi, sukan bar shi ya yi ta ɗaga murya daga inda yake, su ce Kyaftin ya fara.

Ba da mugunta ake kiransa Kyaftin ba, kuma abin da ya fi ƙona masa rai ke nan. Kara ake yi masa. Mutanen da ba su taɓa leƙa cikin jirgi ba su ne za su dafa kafaɗarsa su ce ai da ya je da babu matuƙi kamarsa a ƙasar nan. Ina suka sani? Shi kansa bai sani ba. Cin jarrabawar takarda daban, sauke jirgi daban. Shekara da shekaru tambaya ɗaya ke cinsa, yana walda tana nan, yana cin tuwo tana nan: da ya je, da ya iya? Ba yabo yake nema ba. So yake wani wanda ya san aikin ya dube shi ya gaya masa gaskiya, ko da gaskiyar a'a ce. A garin da ba a kunyata mai lalura a gabansa, wannan ya fi ruwa a rani wuyar samu.

Jirgi ya dawo rayuwarsa ta shagon maƙwabcinsa Izunna Okafor, mai sayar da kayan babur. A Daura aka haifi Izunna, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari, kuma shi kaɗai ne a layin bai taɓa cewa Kyaftin ba. Ƙaninsa da ke sayar da kwamfutoci a kudu ya aiko masa da wata ta hannu, a cikinta akwai wasan tuƙa jirgin sama. Wata rana da la'asar ya kira Kalilu ya zo ya gani. Kalilu ya ce shi ya wuce wasan yara, amma ya leƙa. Sai ga agogunan gaban matuƙi a jere, irin waɗanda ya haddace a littafi yana ɗan shekara goma sha tara. Ya riƙa nuna su da yatsa yana faɗin sunansu ɗaya bayan ɗaya, bai manta ko guda ba. Ƙofar wani Alhaji da aka yi alkawarin ba shi washegari sai da ta ƙara kwana uku.

Bai tsaya a kwamfutar Izunna ba, ya nemi tasa. A ɗakin ajiya da ke bayan shago ya haɗa abin da mutane suka sa wa suna jirgin Kalilu. Kujerar wata matacciyar mota ce, sandar tuƙin giyar tsohuwar a-kori-kura ce, totur na babur, feda biyu kuwa daga wata tarakta da ta mutu a Mashi ya kwanto su. 'Yarsa Fadila, wadda ke koyar da kwamfuta a wata makarantar 'yan mata, ita ta haɗa masa wayoyin da wani ɗan allon lantarki da ƙanin Izunna ya aiko. Ya ɗora sola a rufi don kada wuta ta ɗauke masa a sararin sama. Kullum bayan sallar asuba, kafin masu ƙofofi su fara sallama, zai tashi daga Kano ya sauka Katsina, ya juyo. Amma abin bai gamsar da shi ba. Ya ce tuƙi ta gilashin kwamfuta kamar leƙen kasuwa ne ta kafar ƙofa, ba ka juya kai ka ga fiffike, ba ka san nisan ƙasa.

Sai kamfanin da ya yi wasan ya ba da sanarwa cewa zai sa wasan ya karɓi wani irin tabarau, mai kama da ƙaramin akwati da ake ɗaura wa a fuska. Kowane ido da gilashinsa a ciki, in ka saka sai ka gan ka zaune a cikin jirgin, in ka juya kai duniyar ta juya da kai. Kalilu ya sayar da ragon da yake kiwo, ya sa aka kawo masa na hannu. Ya yi gaggawa. Kamfanin ya ce nan gaba kaɗan, kuma ashe kaɗan ɗinsu wata goma sha huɗu ne. Tabarau ya zauna a kabad ɗin Haulatu tsakanin kwanukan aurenta, duk Juma'a ta goge shi tare da su, tana tambayar Malam ko shi ma za a ba Fadila ne in ta tashi aure. Kalilu ba ya dariya. Kullum sai ya sa Fadila ta duba, kullum amsa ɗaya, a ƙara haƙuri. Ya ce har Turawa sun koyi ba shi haƙuri.

Ranar da sabon wasan ya fito, kwana huɗu aka yi ana sauke shi daga intanet, sabis na zuwa yana ɗaukewa, in ya kai rabi ya koma farko. A safiya ta biyar ya zauna a kujerarsa ya ɗaura. Ga rufin jirgi a saman kansa, ga agoguna kamar ya taɓa, ya juya dama ga fiffike da farfela, ya juya hagu sosai irin juyinsa ga ɗayan. Ya leƙa ƙasa ya ga titin jirgi da farin layinsa. Rashin tabarau ne ya hana shi jirgi, ga shi tabarau ya zaunar da shi a ciki. Ya kama linzamin kwamfuta don ya kunna inji.

A cikin wasan, maɓallan jirgi da 'yar farar kibiya ake danna su, ka kai ta kan maɓalli ka latsa. Kalilu ya motsa linzami, babu kibiya. Ya zagaya da shi ko'ina, babu. Ya kira Izunna, Izunna ya saka ya ce ga ta nan ƙiri-ƙiri. Fadila ta saka ta ce ga ta. Kalilu ya karɓa ya sake dubawa, wayam. Izunna ne ya gano. Ya sake ɗaurawa, ya rufe idonsa na hagu, ya duba, sannan ya cire ya ce, "Malam Kalilu, a gilashin hagu kaɗai suka sa ta."

Ranar nan layin masu walda ya ji muryar da bai taɓa ji ba. Wato a duk faɗin kamfanin, da injiniyoyinsu da digirorinsu, babu wanda ya zauna ya ce akwai mai ido ɗaya a duniya. Sun zana kowace ƙusa a jikin jirgi, sun zana inuwar gajimare a kan gonaki, amma kibiya guda sun kasa sa ta a ido biyu. Kuma cikin ido biyun sai suka zaɓi wanda ke kabari tun yana saurayi. Ya sa Fadila ta rubuta musu da Turanci, yana tsaye a kanta yana cewa kada ta sassauta. Amsa ta zo cikin minti ɗaya, alamar ba mutum ne ya karanta ba: suna godiya, suna ba shi shawara ya goge gilasan, ya tabbatar idanunsa biyu suna daidai da su. Ya sake rubutawa sau shida. A ta ƙarshe suka ce sun miƙa koken ga sashen da ya dace, kuma daga nan bai ƙara jin ɗuriyarsu ba.

Haulatu ta zaci zai fasa tabaran da guduma. Maimakon haka ya shigo da faifan katako ya kafa a gaban kujerar, ya ba ta alli. Ya ɗaura tabarau, ya miƙa yatsa daidai inda yake ganin maɓalli a cikin jirgin, inda yatsan ya taɓa katako ta sa alama. Haka suka yi har maɓalli arba'in da uku, tana tsaye da alli, tuwonta na jira. Ya bi matattun motocin Daura ya kwanto makunnai, wanda babu ya ɗauko a shagon Izunna. Kowanne ya yi masa kai daban don hannu ya gane shi ba sai an gani ba: na fitila mai santsi, na tayoyi da ɗan zobe, na man inji guda biyu kuwa ya yi musu kunnuwa kamar na famfo. Wata biyar yana wannan aiki. Da ya gama, in ya ga maɓalli a cikin tabarau ya kai hannu, sai ya ji ƙarfe na gaske a yatsunsa. Ya ce su riƙe kibiyarsu.

Shekara biyu yana tashi yana sauka a ɗakin nan. Mutane sukan shigo kallo, su ga abin da yake gani a gilashin kwamfuta, ko ya sauka lafiya ko ya faɗa gona su ce ma sha Allah, Kyaftin. Ya daina barin kowa ya shiga.

Bara da damina mahaifiyar Saminu ta rasu. Saminu yanzu babban matuƙi ne, har shi ke gwada sababbi kafin a ba su jirgi, kuma in ya zo Daura a mota mai baƙin gilashi yake wucewa ta gaban shagon. Haulatu ta ce ba lallai Malam ya je ba, tana iya zuwa a madadinsa. Kalilu ya ce zai je da ƙafarsa, don wani ya ga yadda ake yi. Ya sa farar riga, ya shiga rumfar makoki, ya durƙusa gaban Saminu ya yi ta'aziyya cikakkiya, bai rage kalma ba, bai ƙara ba. Saminu ya riƙe hannunsa ya kasa ɗaga kai. Washegarin sadakar bakwai, da hantsi, sai ga shi a bakin shago shi kaɗai, a ƙasa, ya ce ya ji labarin jirgi, ko za a bar shi ya gani.

Kalilu bai ce masa sannu da zuwa ba. Ya buɗe ɗakin, ya nuna masa benci, shi kuma ya zauna a kujerarsa ya ɗaura tabarau. Ya ɗauki ƙaramin jirgi mai inji biyu, ya zagaya, ya nufo titin Katsina. Ya shigo da gudun tsiya, bai sauke abin rage gudu na fikafikai ba, ya buga ƙasa, jirgi ya yi tsalle, ya sake bugawa, ya sake, ya zarce ƙarshen titi ya tsaya cikin ciyawa.

Saminu ya tafa hannu a hankali. "Ma sha Allah. Kalilu, ai ka iya. Ka burge ni ƙwarai."

Kalilu ya cire tabaran ya ajiye a cinya, ya juyo da kansa gaba ɗaya.

"Da akwai mutane a bayana, da yanzu ana yankan likkafani. Da gangan na yi, kuma ka sani. Shekara ashirin da takwas ina jiran mutum ɗaya wanda ya san aikin nan, ashe kai ma irinsu ne. Tashi ka tafi. Masu ce mini ma sha Allah sun ishe ni, ba sai an ƙaro daga sama ba."

Saminu ya ce shi baƙo ne a ɗakin Kalilu, kuma bayan abin da ya wuce tsakaninsu, da wane baki zai kushe shi? Me yake so ya ce?

"Abin da kake ce wa waɗanda kake gwadawa."

Saminu ya daɗe yana kallon katakon nan mai maɓalli arba'in da uku. Ya tambayi dalilinsa, Kalilu ya gaya masa zancen kibiya a taƙaice. Sai Saminu ya tuɓe babbar rigarsa ya ninke, ya cire hula, ya jawo benci gaban kwamfutar. Da ya sake magana muryar ba ta ɗan makoki ba ce. Ya ce a koma sama.

A saukar farko bai bar shi ya taɓa ƙasa ba, ya ce ya yi sama da yawa, ya tashi ya sake zagayowa. A ta biyu ya ce ya makara wajen rage gudu, kuma yana riƙe sanda kamar guduma, jirgi ba ƙofar gareji ba ne. Kalilu ya ji zafin maganar har kunnensa, ya kuma ji wani abu da ya manta ɗanɗanonsa. Tun barinsa aji babu wanda ya yi masa gyara.

A ta uku Saminu ya danna wasu abubuwa bai faɗa ba. Hadari ya rufe gaba, ruwa ya fara dukan gilashi, iska ta riƙa turo jirgin daga gefe. Titi ya fara bayyana ke nan sai ƙarar ta canja, hancin jirgi ya fizge zuwa hagu. Kalilu ya taka fedar dama da ƙarfi ya tsayar da shi. Ya juya kansa gaba ɗaya zuwa hagu, juyin da ya yi shekara ashirin da takwas yana yi wa duk mai sallama, ya ga farfelar wancan gefen tana mutuwa. Hannunsa ya tafi da kansa cikin duhun tabarau, ya wuce mai santsi, ya wuce mai zobe, ya kama kunnen famfo na hagu ya murɗe. Ya ƙara wa injin dama wuta, ya karkata fiffike cikin iska, ya jira, ya jira, sannan ya sauke tayoyi. Taya ɗaya ta taɓa, ɗayar ta biyo. Jirgin ya gangara a kan farin layi har ya tsaya.

Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar injin gurza ƙarfe daga tsallaken titi. Kalilu bai cire tabaran ba. Rigarsa ta jiƙe sharkaf.

Saminu ya ce ba zai yi masa ƙarya ba, wannan ba jirgin gaske ba ne, kujerar ba ta motsi, kuma mai zama a kanta ya san ba zai mutu ba. Ya ce har yanzu hannun Kalilu na da nauyi. Sannan ya ƙara da cewa:

"Amma na sha ganin masu ido biyu, karon farko da aka kashe musu inji, su ruɗe su rufe man wanda ke da lafiya. Kai ka duba kafin ka taɓa. Wannan ba a koya wa mutum shi da sauƙi. Da ka je, Kalilu, da ka fito. Da ka iya."

Kalilu ya zaci in ya ji wannan kalma zai ji kamar an sauke masa kaya. Ba haka ya ji ba. Sai a lokacin ya gane ashe duk shekarun nan akwai wani lungu a zuciyarsa da ke fatan amsar ta zama a'a, don in a'a ce, to ido kawai ya rasa. Yanzu an auna masa asarar an gaya masa girmanta, kuma wanda ya auna ba ya ƙarya. Baƙin ciki ya taso masa tun daga ciki, da fushin da ya fi na kullum, ga shi Kawu Zailani na ƙasa, babansa na ƙasa, masu kwalli da nonon jego duk sun tafi, babu wanda zai kama. Ya cire tabaran. Gilasan biyu duk sun jiƙe, don idon da ya mutu bai daina hawaye ba.

"Me ya hana ka zuwa dubiya?"

Saminu ya ce ya zo har ƙofar gidansu a Zango sau uku, takardar kujerar tana aljihunsa, kowane zuwa ya juya. "Da wane ido zan kalle ka?"

"Da biyun da aka bar maka."

Kalilu ya miƙe ya fita ya bar Saminu zaune. A bakin shago ya zari tabaran aiki ɗaya daga ƙusa, ya juya kai dama, ya juya hagu, ya tsallaka titi, abin da bai taɓa yi ba duk shekarun da ya yi yana faɗa daga nesa. Munzali na durƙushe yana gurza bakin taga, fuska a buɗe, ya kanne ido, tartsatsi na tashi har gemunsa. Kalilu ya wuce shi ya kashe janareto.

Munzali ya ɗago a fusace. Magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, ya ce wane irin abu ne wannan, shekararsa goma sha biyar yana wannan aiki babu abin da ya same shi, Kyaftin ya bar shi ya nemi abincinsa.

Kalilu bai ɗaga murya ba. Ya miƙa masa tabaran, ya tambaye shi ko ya san abin da ke cikin idon nan nasa. Munzali ya ce ido dai ido ne, me zai kasance a ciki?

"Ni ma ban san abin da ke cikin nawa ba sai yau. Saka."

Munzali ya dubi fuskarsa, ya dubi baƙon da ke tsaye a ƙofar shago can tsallake ba hula ba babbar riga. Ya karɓa ya saka. Kalilu ya tsaya a kansa har ya ɗaure igiyar a ƙeya, sannan ya tayar masa da janareton.